Jar Dara Kaɗai Ba Ta Isa Ba: Fashin Baƙi Kan Sake Haɗa Kayan Sojan Tirayer

Tun daga ranar 1 ga Disamba 2024, da ƙasar Senegal ta yi taron cika shekara 80 da kisan da sojojin Faransa suka yi wa tsoffin sojojinsu 'yan Afirka a barikin Thiaroye kusa da Dakar, maganar sojan tirayer, wato ɗan Afirkan da Faransa ta sa wa kaki zamanin mulkin mallaka, ta dawo bakin mutane a ƙasashenmu. A nan Maraɗi ma 'yan wasan kwaikwayo da ɗalibai da masu ɗaukar gajeren bidiyo sun shiga neman yadda za su nuna shi. Tambayar da ke yawo kuwa baki biyu gare ta. Shin mene ne ainihin abin da sojan nan ya saka a jikinsa? Kuma ya dace ɗan Nijar na yau, bayan ƙasar ta sallami sojojin Faransa a ƙarshen 2023, ya kashe kuɗinsa da lokacinsa wajen sake ɗinka kakin da Faransa ta ɗinka wa kakansa?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani gwaji da na kalla na wata ƙungiyar matasa masu wasan kwaikwayo. Yaron da aka ba matsayin sojan yaƙin 1914 ya fito da wando mai dabbare-dabbare irin na sojan zamani, da takalmin gwanjo, da bindigar roba mai siffar Kalashnikov, a kansa kuma jar dara. Wasan ya ratsa jiki, har na ga wata dattijuwa tana share ido da bakin gyalenta. Sai dai in aka ɗauke hular nan, babu abu ko ɗaya a jikinsa da ya wanzu a duniya a 1914. Ban ga laifin yaran ba, domin babu wanda ya taɓa nuna musu abin da ya kamata.

Wane ne tirayer, kuma me ake nufi da sake haɗa kayansa?

Kalmar ta Faransanci ce, tana nufin sojan ƙasa da ake turawa gaban sahu ya yi harbi a warwatse. Gwamna Louis Faidherbe ne ya kafa rundunar a Senegal a 1857, shi ya sa laƙabin "na Senegal" ya manne mata har ƙarshenta, duk da cewa daga baya mafi yawan mutanenta ba 'yan Senegal ba ne. Akwai Bambara da Mosi da Fulani da Zabarmawa da Hausawa da mutanen kudancin Cadi, duk a ƙarƙashin suna guda. Dokar 1912 ta buɗe ƙofar ɗiban soja na tilas, ta 1919 kuma ta mayar da shi abu na kowace shekara, a yi aikin shekara 3. A aikace, kumandan ne ke yanka wa sarakuna adadin samarin da za su kawo, kuma sau da yawa ɗan da ba shi da gata shi ake miƙawa. A yaƙin duniya na farko an ɗebi mutum kusan 200,000 daga Afirka baƙar fata da ke hannun Faransa, kimanin 30,000 daga cikinsu ba su dawo ba.

Sake haɗa kayan irin wannan soja ya bambanta da shigar hawan sallah, inda burin mahayi shi ne ya ƙayatar. A wannan aiki mutum guda ake zaɓa, a ce na runduna kaza ne, a shekara kaza, a wuri kaza, sannan a tattara duk abin da ke jikinsa daga hula zuwa takalmi bisa shaida: hotunan zamanin, da takardun dokar soja da suka ƙayyade yadi da launi da maɓalli, da ragowar kayan asali da suka tsira a gidajen tarihi ko a gidajen mutane. Kayan asali na ajiya ne da nazari. Abin da ake sawa a fito da shi fili kwafi ne, kuma darajar kwafin tana ga yadda ya bi asalin sau da ƙafa.

Kakin ba ɗaya ba ne, shekara ce ke raba su

Rundunar ta yi fiye da shekara 100 tana aiki, saboda haka wanda ya ce zai ɗinka "kayan tirayer" ba tare da ya faɗi shekara ba, kamar wanda ya je kasuwa ne ya ce a auna masa hatsi, bai ce gero ko dawa ba.

Daga cikin tirayer na farko da ƙasarmu ta gani da idonta akwai na 1899, wanda ya biyo ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine. Ayarin ya yi faɗa da Sarauniya a Lugu, ya yi ɓarna mai muni a Birnin Ƙonni, ya gangaro har ƙasar Tasawa, inda aka harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya dakatar da ayarin, kusa da Dankori a ranar 14 ga Yuli, kwana biyu da uku bayan haka kuma sojojin da kansu suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi. Sojan wannan zamani yana saye da 'yar riga shuɗiya mai duhu ko ta kakin auduga, da wando mai tsayawa ƙasa da gwiwa, da jar dara, da jar ɗamara ta yadi a ciki. Sau da yawa ƙafarsa ba takalmi, ko kuwa fade ne kawai. Da yawa daga mutanen ayarin ma 'yan ɗauka ne da aka tara a hanya, ba sojan dindindin ba, don haka shigarsu gauraye take da tufafin gida. Bindigar da ta fi yawa a hannun sojan Afirka a ƙarshen wancan ƙarni ita ce Gras ta 1874, mai cin harsashi ɗaya, mai tada hayaƙi idan ta tashi.

Na 1914 zuwa 1918 shi ne ya fi canzawa, kuma a kansa aka fi yin kuskure. Waɗanda suka sauka Faransa a watannin farko sun shiga yaƙi da rigar ulu shuɗiya mai duhu, mai rawayen zare a wuya da bakin hannu. Daga 1915 aka sauya launi gaba ɗaya, domin manyan bindigogi masu aman wuta sun koya wa kowa cewa tufa mai ɗaukar ido ajali ce. Sojan Faransa na cikin gida aka ba shi shuɗi mai haske, rundunonin Afirka da na ƙasashen mallaka kuwa aka ba su kaki mai ja zuwa rawaya, kusa da launin ƙasar jigawa. Wanda ya saka wa tirayer na 1917 shuɗi mai haske ya ba shi rigar wani. Rigar tasa tana da maɓalli layi biyu a ƙirji, a kan kwalarta kuma akwai alamar anka, wato ƙugiyar da ke tsayar da jirgin ruwa, domin rundunonin ƙasashen mallaka daga sojan ruwa suka samo asali. A wannan shekara ta 1915 aka fito da hular kwano ta Adrian, ta siririn ƙarfe, mai tsiri a bisa kamar zankon zakara, da anka a goshinta. A ƙafa akwai takalmin fata mai ƙusoshi a tafi, sannan wani dogon ƙyalle da ya haura mita 2, wanda ake naɗawa daga idon sawu har ƙasan gwiwa.

Takalmin nan ya cancanci a tsaya a kansa. Saurayin da ya taso yana noma ƙafa a ƙasa, aka cusa masa ƙafar cikin busasshiyar fata, aka tsayar da shi cikin ramin da ya cika da laka da ƙanƙara, yatsunsa ne suka fara mutuwa kafin harsashi ya same shi. Sanyi ya yi wa sojojin Afirka illa har hukumar soja ta riƙa janye su lokacin hunturu zuwa barikokin Fréjus da Saint-Raphaël a kudancin ƙasar. A farmakin Chemin des Dames na watan Afrilun 1917 an tura su cikin ruwan sama mai haɗe da ƙanƙara, da hannuwan da suka sandare har wasu suka kasa sarrafa bindiga, aka rasa dubbai cikin 'yan kwanaki. Duk wanda ya taɓa ɗaure wannan takalmi da naɗin ƙwaurinsa ya yi tafiyar awa guda zai fahimci labarin da jikinsa.

Sojan 1940 bai yi nisa da na 1918 ba a kama, sai dai hular kwanonsa ta ƙirar 1926 ce, wasu kuma sun sami sabuwar bindiga MAS 36 yayin da wasu ke riƙe da tsohuwar Berthier. Babban juyi ya zo a 1943, lokacin da Amurka ta ɗauki nauyin tufatar da sojojin Faransa da ke Afirka ta Arewa. Tirayer da ya sauka gaɓar Provence a watan Agustan 1944 kusan komai nasa na Amurka ne, daga riga zuwa ɗamarar zane mai aljifai da bindiga. Da damina ta ƙare a wannan shekara aka janye dubban baƙaƙen sojoji daga fagen daga, aka karɓe makamansu da kayan jikinsu aka miƙa wa samarin Turawa da suka fito daga ƙungiyoyin gwagwarmaya. Wato har tuɓe kakin ma wani babi ne na tarihinsa. Mutanen Thiaroye kuma daban suke da waɗannan: fursunonin yaƙi ne da Jamus ta tsare tun 1940, aka dawo da su Dakar a watan Nuwamba, suna jiran sallama suna neman a biya su haƙƙinsu. Rahotannin soja sun ce 35 ko 70 aka kashe, masana tarihi da dama na ganin ɗaruruwa ne. Wanda ya nuna su a dandali ɗauke da bindigogi cikin shirin yaƙi, ya maimaita hujjar da waɗanda suka harbe su suka kafa, ko da bai yi niyya ba.

Tsofaffin sojojin da yawancinmu muka tarar a raye a unguwannin Maraɗi kuwa na Indocina ne da Aljeriya, irin su marigayi Seyni Kountché da ya yi aiki a can kafin a kafa rundunar Nijar a 1961. Kayansu koren yadi ne mara nauyi da malafar daji mai faɗin baki, ba su da wata kama da na kakanninsu.

Yadda jar dara ta danne sauran kaya

Hular gaskiya ce, babu mai musu. Ita ce ta fareti da zaman bariki da ɗaukar hoto, kuma sojojin da kansu sun riƙe ta da daraja. Amma a bakin daga, bayan 1915, ko dai a rufe ta da kaki, ko a cusa ta a jaka a ɗora hular kwano. Abu biyu ne suka sa ta zama ita kaɗai muke tunawa.

Na farko talla ne. Daga 1915 kamfanin Banania mai sayar da garin koko ya ɗora hoton tirayer mai jar dara yana washe baki a kan gwangwanayensa da allunan tallansa, hoton ya yi shekaru da dama yana yawo har ya zama shi ne fuskar sojan Afirka a idon Turawa: babban yaro mai dariya, marar damuwa. Na biyu kuwa daga gida yake. Gardin kumandan, wanda ke zuwa karɓar haraji da kamun aikin tilas kafin a soke shi a 1946, shi ma jar dara yake sawa, kuma da yawansu tsoffin sojoji ne. Saboda haka idan tsohuwa a ƙauye ta ce ta tuna mai jar hula, yana iya yiwuwa gardi take nufi, mai bulala, ba ɗan'uwanta da aka kai Turai ba. Wannan ne ya sa nake ganin kuskuren yaran nan ya wuce na ɗinki. Idan aka taƙaita mutumin a hula, hoton mai talla da na mai bulala ne suka rage, shi kuwa wanda ya kwana a laka ya ɓace.

Abin da ke rataye a jiki, da wanda zai iya yin sa a Maraɗi

Sojan ƙasa na Faransa a yaƙin farko yana ɗaukar kayan da suka kai kilo 25 zuwa 30. A ƙugunsa akwai ɗamarar fata mai jakunkunan harsashi uku, biyu a gaba ɗaya a baya, da maratayin fata da ya hau kafaɗu ya haɗe a gadon baya don ya raba nauyin. Fatar baƙa ce a farkon yaƙi, daga baya aka bar ta da launinta na jima. A gefe akwai butar ƙarfe mai cin lita 2, mai baki biyu, an lulluɓe ta da yadi, da moɗar ƙarfe, da jakar zane ta guzuri, daga 1916 kuma da abin rufe fuska saboda iska mai guba. Tirayer yakan naɗe sauran tarkacensa cikin tamfol ɗin tanti ya goya, maimakon jakar baya mai katako ta sojan Turawa. Jar ɗamarar yadi da ake zagaya ciki da ita sau da yawa ba kwalliya kaɗai ba ce, likitocin soja na lokacin sun ɗauka tana kare ciki daga sanyi da zawo.

Sai adda. An shigar da ita cikin kayan tirayer a hukumance da kubenta na fata, kuma asalin aikinta sare daji ne da yanke itace. Farfagandar Jamus ta mayar da ita shaidar cewa baƙin soja dabba ne mai yankan mutane, ƙaryar da ta yi tsada a 1940, lokacin da sojojin Jamus suka ware fursunoni baƙaƙe suka harbe. Masana sun ƙiyasta waɗanda aka kashe ta haka daga 1,500 zuwa 3,000. A Chasselay, kusa da Lyon, akwai maƙabarta mai jan gini irin na ƙasar Mali inda 188 daga sojojin Afirka suke kwance. Mai sake haɗa kaya ya rataya addar a ƙugu, domin nan ne wurinta, amma kada ya sa ɗan wasa ya fito yana wulwula ta yana zare ido.

Abin farin ciki shi ne mafi yawan kayan nan hannun Maraɗi zai iya fitar da su. Na kai wa wani dattijon baduku hoton jakar harsashi, cikin alfahari na ce a yi ta da fatar jar akuyarmu wadda duniya ta san da ita. Ya juya hoton, ya kai shi kusa da idonsa, ya bi layin ɗinkin da farcensa, sannan ya ce: "Malam, fatar akuya ta jaka ce da matashi da laya. Abin da zai ɗauki nauyin ƙarfe sai ƙirgi." Na ce, "Baba, to launin fa?" Ya ce jimar bagaruwa ta isa, a shafa mai a bar rana ta ƙarasa. Gaskiyarsa ce, domin kayan asalin ma da fatar shanu mai kauri aka yi su. Masu ƙirar gwangwani za su iya bugo hular kwano da buta daga fallen ƙarfe, masu zubi su fitar da maɓalli mai anka idan aka ba su samfuri, tela kuma ya yanka rigar in aka tsaya a kansa kada ya matse ta irin yayin yanzu, domin rigar soja ta wancan lokaci sakakkiya ce, ana sa wata a ƙarƙashinta. Layu ma kada a manta da su. Sojojin sun tafi da su a wuya da damtse a ƙarƙashin kaki, kuma a duk kayan nan su kaɗai ne uwa ko malamin gari ya ba shi, ba ma'ajin bariki ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadi. Ulu mai kauri ba hajar kasuwarmu ba ce, sai dai a nemi tsohon bargo ko babbar kwat ta gwanjo a farke a rina. Ko an samu, saka shi a watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, ganganci ne da lafiyar yaro, don haka irin wannan nuni na lokacin hunturu ne. Wanda ya maye gurbinsa da auduga bai yi laifi ba, muddin ya gaya wa masu kallo cewa ya maye.

Hoto shaida ne, amma shi ma sai an iya karanta shi

Yawancin masu wannan aiki daga waya suke ɗauko hoto, kuma nan ne tarko yake. Fim ɗin ɗaukar hoto na farkon ƙarni na 20 ba ya ganin ja da rawaya sosai, yana fitar da su da duhu. Shi ya sa jar dara ke fitowa baƙa ƙirin a tsofaffin hotuna, rawayen zaren wuya kuma ya yi kamar baƙi. Wanda ya zo daga baya ya shafa wa hoton launi da kwamfuta, hasashensa ya shafa. Yanzu kuma ga hotunan da na'ura ke ƙirƙira daga babu suna yawo a Facebook da WhatsApp, da lambobin yabo da ba a taɓa bugawa ba da bindigogin da ba a taɓa ƙerawa ba. Akwai hotuna masu launi na gaskiya da aka ɗauka a yankin Alsace a 1917, suna nuna tirayer da kakinsa da hularsa, irinsu ne ya kamata a nema. Haka kuma a lura cewa hoton da soja ya je ɗakin mai hoto ya ɗauka don ya aiko gida, da tsabtatattun kaya yake yin sa, wani lokaci ma da aron kayan ɗakin.

Gidan tarihin rundunonin ruwa da ke Fréjus yana ajiye da kayan asali, ma'aikatar tsaron Faransa kuma ta saka katunan waɗanda suka mutu a yaƙin farko a intanet ƙarƙashin sunan Mémoire des hommes, inda ake ganin sunan soja da bataliyarsa da ranar mutuwarsa. Sai a yi haƙuri da rubutun sunayen, domin magatakardan Bature yadda kunnensa ya ji haka ya rubuta.

Masu suka da masu goyon baya

Masu suka suna da hujja mai nauyi. Suna cewa wannan kaki shi ne ya ƙone garuruwa a 1899, shi ne aka tura ya murƙushe boren Kawsen a Agadas a 1917, shi ne ya tsaya wa mulkin mallaka a Madagaska da Indocina da Aljeriya. A lokacin da Yamai ta cire sunan de Gaulle daga babban titinta ta sa na Djibo Bakary a watan Oktoban 2024, me zai sa a koya wa yara sha'awar anka da jar dara? In dakaru ake so, ai ga na Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore, 'yan baka da kwari da masu garkuwa, waɗanda suka tsare Maraɗi shekara da shekaru ba da umarnin kowa ba.

Masu goyon baya, waɗanda yawancinsu jikokin sojojin ne, suna cewa mutumin da ke cikin kakin namu ne, kama shi aka yi, kuma an zalunce shi sau biyu: a fagen daga, sannan a wajen biyan fansho, wanda dokar 1959 ta daskarar da shi bayan samun 'yancin kai, ba a daidaita shi da na takwarorinsu Turawa gaba ɗaya ba sai a 2011, bayan mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. A wurinsu, ƙin nuna shi ƙarin mantuwa ne a kan wadda aka riga aka yi masa.

Ni dai ina tare da masu cewa a yi, amma hujjar masu suka ce ta sa nake dagewa a kan shekara. Idan aka ce "tirayer" a dunƙule, dole ne ko dai a yabe shi duka ko a tsine masa duka, alhali na Birnin Ƙonni a 1899 da na Chasselay a 1940 da na Thiaroye a 1944 ba matsayi guda suka tsaya ba, kuma kayan jikinsu ne ke fara bambanta su ga mai kallo. A tsayar da su ukun a dandali ɗaya, kowa da shigarsa ta gaskiya, yaro ɗan firamare zai tambayi dalilin da ya sa wannan ba shi da takalmi, wancan yana da hular ƙarfe, na ukun kuma hannunsa wayam, daga nan darasin ya fara. Maganar dakarun Maraɗi kuwa daidai ce, aiki ne da ke jiran mai yi, kuma hannun da ya koyi bin shaida a wannan shi zai iya wancan.

Bindiga, tsaro, da abin da ya shafi kowane gida

A jihar da ke fama da 'yan bindiga a kan iyakarta ta kudu, babu wasa a maganar makami. Bindigar nuni ta katako ce, kuma ba a yawo da ita a titi. Kafinta ya bi awo: Lebel ta 1886 tsawonta mita 1 da santimita 30 ne, banatinta siriri ne kamar tsinke mai kusurwa huɗu, ruwansa santimita 52, Berthier tana kusa da ita a tsawo, MAS 36 kuwa gajera ce, kaɗan ta haura mita guda. Tsawon nan kaɗai ya isa ya canza yadda ɗan wasa ke tsayawa da tafiya. Kafin a fito fili da kowace irin shigar soja, ko ta shekara 100 ce, a sanar da hukuma a sami izini a rubuce, a ɗauko kayan a buhu a saka su a wurin taron. Idan kuma aka tono tsohon harsashi ko wani abu mai kama da gurneti a gona ko a kango, ba kayan tarihi ba ne da za a kai gida, jandarma ake kira.

Ga masu sana'a akwai ɗan abin samu, tun da makarantu da ƙungiyoyin wasa da masu shirya fim duk masu saye ne. Amma akwai hasarar da ke tafe tare da wannan sha'awa, domin da zarar abu ya yi suna, dillalan kayan da za su shiga ƙauyuka suna saye da araha. Maraɗi, garin da ambaliyar 1945 ta tashe shi daga bakin gulbi ya hau tudu, ba shi da tsofaffin ajiya da yawa da zai yi sakaci da su.

Wata maƙwabciyarmu ta taɓa buɗe mini adakar mahaifinta. A ƙarƙashin tsofaffin zannuwa akwai dara da asu ya cinye gefenta, jan ya koma kamar na busasshen zoɓo, da lambar yabo guda da ƙyallenta ya kode, da wani ɗan littafi mai bangon kwali da aka ɗaure da zare. Littafin soja ne, wanda ake ba kowane mai kaki. A cikinsa akwai lambarsa, da shekarar da aka ɗauke shi, da rundunar da ya zauna, da ranakun da ya hau jirgin ruwa da waɗanda ya sauka. Ta ce 'ya'yanta sun so su wanke hular su ba ƙaninsu ya sa a wasan makaranta. Na roƙe ta kada ruwa ya taɓa ta, a naɗe ta cikin farin ƙyalle mai tsabta a ajiye inda ba laima, a sayo wata a kasuwa don wasan. Littafin kuma muka buɗe shi a kan tabarma a inuwar zaure, jikanta ya riƙe gefen takardar da yatsa biyu, muka ɗauki hoton kowane shafi da waya. A shafi na uku muka ga shekarar da tela zai yi aiki da ita: 1951.